Gonarka Ta Ƙetare Gulbi

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan Wurno lahiya lau.

Gonarka ta bakin gulbi, wadda ka hana ni aro in ciyar da marayuna, babu ta. Tun zuwan dam, madatsar ruwan nan, gulbi ke sake hanya. Bana ya yi ta cin gaɓa har gonar ta rufta, ya kwashe ƙasar ya jibge ƙetare, gindin gonar Baffa Isa. Baffa ya dasa albasa bisanta.

Na ce mai, "Baffa, ƙasar Yaya ta." Ya ce, "Shi zo shi tsince abinai."

Ban yi kuka ba, Yaya. Albasar ta yi kyau ƙwarai.

A gaida yara, a sa mu addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza