Ku Maido Mana Shafinmu na Gyambon Kwanciya

Zuwa ga masu kula da dandalin intanet na bayanan naƙasa da farfaɗo da jiki, wanda kowa ke iya rubutu a ciki, ya kuma gyara na wani.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, ni ne Mahamadu, mutumin Garhanga ta ƙasar Keita. Ban san fuskokinku ba, ban san garin da kuke ba, shi ya sa na baza wasiƙar nan a fili, ko Allah Ya sa ta iske ku.

Na ɗaya, ku san mai maganar. Haƙar rijiya ce sana'ata a da, har ranar da igiya ta tsinke da ni. Tun daga nan ƙafafuna ba su sake jin komai ba. Da za a sallame mu daga asibiti, kine, wato mai motsa jikin marasa lafiya, ta ce wa maiɗakina Rabi: "Ba karayar za ku ji tsoro ba, kwanciyar ce. Kada ku bar shi gefe guda." Munka dawo gida da ruɗu, rabin bayanin ya zube a hanya. Gyambo ya buɗe a ƙuguna ban sani ba, wari ne ya faɗa wa Rabi. Damina guda ta yi tana jinyarsa. A nan ta koyi juya ni sau biyu tsakanin salla da salla, da duba fatata kowace safiya, da yi mini matashi na audugar rimi.

Na biyu, shafin. Mushen lakkol ɗinmu, wato malamin makarantar boko, shi ne ya nuna mini dandalinku a salula. Na duba, babu ko layi ɗaya da Hausa a kan wannan ciwo. Sai na fara rubutawa, ina rub da ciki a gindin rumbu, don nan kaɗai rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa a gidanmu. Mako uku na yi ina dannawa da yatsa guda, Rabi na sussuka tana tuna mini abin da na tsallake.

Wata safiya na buɗe, na ga rubutun ya ƙaru. Wata mata daga Urno ta sa yadda take wanke gyambon mahaifiyarta. Wani ma'aikacin jinya daga Bouza ya gyara mini kuskure: na ce a zauna kan robar cikin tayar moto, ya ce a'a, zoben yana tare jini, ya kuma jera alamun da in an gani sai a ruga gidan likita. Wani mai walda a Madaoua ya sa hoton keken guragu mai faɗin taya, wanda rairayi ba ya riƙewa.

Ban taɓa ganin ko ɗayansu ba, amma na yi musu fuskoki. Da hantsi, in Rabi ta juya ni ina kallon duwatsu, sai in ga matar Urno ta ajiye tulu ta goge hannu a zane ta ɗauki salula. In ga mai walda ya ɗaga gilashinsa yana murmushi. Har nakan ga shafin ya yi rassa: wata makauniya ta bayyana yadda take gane garwashi ya yi, wani kurma ya sa alamun hannu na kasuwar garinsu, wata uwa a Galma tana karantawa ta gane ba ita kaɗai ba ce. Ni da ban wuce ƙofar gida ba sai an ɗauke ni, a irin wannan lokaci nakan ji ina yawo gari gari a cikin ƙasarmu ta Adar, ana ce mini sannu da zuwa.

Na uku, abin da kunka yi. Bayan an gama yankan gero na buɗe shafin, babu shi. Sai layi biyu da Faransanci. Mushe ya fassara mini: an goge don babu madogara daga littafi, an kuma kulle wurin. Ba wanda ya tambaye mu, ba wanda ya ba mu ko kwana ɗaya.

Da ni kaɗai abin ya taɓa, da na yi shiru. Amma wani magidanci daga Galma ya bi ta hannun mushe har ya samu lambata. Mahaifinsa na kwance da shanyewar ɓarin jiki. Magidancin ya karanta rabin shafin, rezo ya yanke, da ya dawo bai iske komai ba. Na faɗa masa abin da na tuna. Alamun da ma'aikacin jinya ya jera kuwa, biyu na riƙe, sauran sun ɓace mini. Sai da zazzaɓi ya kama tsohon sannan sunka kai shi Madaoua. Har yau yana can, kuma har yau abin na damuna.

Na fahimci tsoronku, maganar lafiya ba ta wasa ba ce. Amma ni shaida ne cewa gyara ya fi gogewa, tunda a nan aka gyara ni.

Ga roƙona. Ku maido da shafin, ko da da gargaɗi a samansa. Ku nemo likita mai jin Hausa ya duba shi layi layi, ya cire abin da ke cutarwa. In za ku goge aikin mutum, ku faɗa masa tun da wuri, da harshen da ya yi rubutun. In kuwa madogara ce dole, littafi dai ba mu da shi. Ku turo wanda kunka yarda da shi Garhanga, Rabi ta ɗaga mini riga, ya ga inda gyambon ya rufe.

Allah Ya saka muku da alheri a kan aikin da kuke yi, Ya tsare ku da iyalanku daga doguwar kwanciya, Ya ba tsohon Galma lafiya.

Wassalam.

Naku,
Mahamadu, Garhanga