Majinyacin Zulai

Daga Shugaban makarantar masu koya wa majinyata sake amfani da hannu, a birnin Bergen, zuwa ga Inna Kulu. Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba?

'Yarki Zulai na neman gurbi wurinmu, Talata za mu gwada ta. Sharaɗinmu sai ta taɓa kula da majinyaci. Allah ya kawo mata har gida: injin yankan kifi ya ɗan taɓa yatsun ƙaninta. Kada ki damu, biyu ne kawai. Kullum tana koya masa saka maɓalli tana cewa, "Sarkin surutu, da baki ake sakawa?" Jiya ya ɗaure takalminsa da kansa, ta fashe da kuka. Ki sa ta a addu'a.

Inna, ni ne ɗanki Sabi'u, yatsun nawa ne. Wata biyu ina neman bakin faɗa miki, sai da na ari kujerar manya.