Famfon Bakin Shinge

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Inna na gaishe ka. Na ba direban motar kaya wannan takarda ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Da na fara magana sai ka ce sabis ya ɗauke.

Masaukin da ka gina a gonar marigayi Baba, ka tafi birni ka bar mini, yana cika, wannan kam ka yi gaskiya. Amma baƙinka sai haƙuri. Sun hawo dutse neman rayuwar ƙauye, zakaran Inna ya yi cara sun aiko wai a rage masa murya. Wata kuma ta ce in cire takalmi in ɗauki tulu ta yi mini hoto. Ni da diflomata!

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Tun da ka ja bututu daga marmaro zuwa kududdufin ninƙayar nan naka, ruwan da ke gangarawa unguwar ƙasa ya koma ɗigo. Kuma wa ke shiga kududdufin? A sanyin nan ko agwagwa sai ta yi shawara. Don Allah ka duba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Mu dai da sauƙi.

Saƙonka ya iso, wai marmaron a gonarmu yake, maƙwabta hassada ce ke cin su. Sannu da ƙoƙari! Kai da ke buɗe famfo a bene, ina za ka sani? Yanzu matan unguwa sai sun gangara rafi can cikin kwari, su hawo da jarka a ka. Matar mahauci, wadda ta goya ni ina ƙarama, na gaishe ta a hanya ta kau da kai. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Inna ta rantse ba za ta sha ruwan gida ba muddin maƙwabtanta na wahala. Na yi magiya, na ɓoye bokitinta, ta ɗauki tukunya ta bi su. Jiya santsi ya kwashe ta a gangaren, gwiwarta ta kumbura suntum. Waɗanda ka kira mahassada su suka yi karɓa-karɓa da ita a baya har ɗakinta. Ina tsaye da tawul ɗin baƙi a hannu, na rasa inda zan sa fuskata.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, Inna ta fara takawa da sanda, alhamdu lillahi.

Na san manajan da ke kawo mana baƙi ya riga ya kai maka ƙarata, don haka ji daga bakina. E, na zubar da ruwan kududdufin. Na kira mai gyaran famfo ya juya bututun, ya kafa famfo a wajen shinge, bakin hanya. Ɗakunan baƙi na samun ruwan wankansu, ba wanda ya rasa. Manaja ya yi ta kumfar baki wai hoton kududdufin ne ke jawo mutane. Na ce masa in ya yarda zai shiga ya yi ninƙaya sau ɗaya in gani, yanzu zan mayar da ruwan. Ya gyara rigar sanyinsa ya shige mota.

Mai yiwuwa baƙi su ragu, ban musa ba. Na san kuma guminka ne ka zuba a ginin nan don mu huta, ban manta ba. Amma kai kana zuwa ne ka kwana ka koma, ni da Inna a cikin mutanen nan muke kwana muke tashi.

An ce ka rantse za ka zo ka rufe famfon da hannunka. Bismilla, hanya ta yi kyau. Sai dai ka sani Inna ta sa an kai mata kujera gindinsa, can take wuni tana hira da mata, sandarta a kan cinya. Ta ce in gaya maka kada ka tsaya neman ta a gida, ka same ta a can.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta