Ƙasata Ta Ci Jarrabawa

Litinin, 3 ga Maris

Shekara talatin da biyu ina hedimasta, yau ga ni manomi. Maman yara ta ce in masarar bana ba ta cika ɗakin ajiya ba, gonar ta dawo hannunta, ni in koma karatun jarida. Na ce na yarda. Wai ni za a gwada!

Alhamis, 13 ga Maris

Malamin gona ya zo. Ashe ɗalibina ne, wanda na taɓa kamawa da satar amsa na sa shi tsallen kwaɗo. Yanzu har da gemu. Ya ba ni leda huɗu, ya ce in ɗebo ƙasa daga wuri huɗu a kai a auna. "Ko'ina da halinsa, Malam."

Na zagaya. Tudu yashi ne zalla, yana zuba ta tsakanin yatsu. Gefen hanya tsakuwa. Tsakiya ja ce, tauri kamar siminti. Sai can gangare, inda aka taɓa ɗaure shanu, baƙa wuluk, har ƙamshi take yi.

Yanzu wannan yashin zan miƙa wa wanda na koya wa rubutu, ya kai ofis a sha dariya? Allah ya kiyaye. Duk ledojin daga gangare na cika su.

Ba ƙarya ba ce. Duk gonata ce ai.

Laraba, 9 ga Afrilu

Sakamako ya fito, huɗu bisa huɗu! Taki kaɗan ya isa, in ji takarda. Malamin gona ya ce bai taɓa ganin gona mai hali ɗaya haka ba. Na ce tarbiyya ce. Na manna takardar a falo.

Maman yara ta ce a kai takin awakinta tudu. In na yarda ai na tona kaina, sai na nuna mata bango. Ta kyautar wa maƙwabta.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun yi shuka. Bayana, wayyo.

Talata, 15 ga Yuli

A gangare masara ta fi ni tsayi, kore shar. Ta tudu ta tsaya iya gwiwa, ganye duk rawaya. A yi ruwa da safe, kafin azahar wurin ya bushe ƙayau. Na tsaya na yi mata faɗa, wallahi na yi. Ba wanda ya gani.

Juma'a, 8 ga Agusta

Malamin gona ya biyo. Ya durƙusa a tudu, ya murza yashi, ya ɗago.

"Malam, wannan ce leda ta nawa?"

Na ce rana ta yi zafi, mu nemi inuwa. Ya ce bana kam lokacin gyara ya wuce. Da zai hau babur ya juyo: "Tsallen kwaɗon na yafe maka, saboda gwiwarka."

Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Buhu shida, biyar daga gangare. Ɗakin ajiya in ka yi tari sai ya amsa maka.

Na gaya wa Maman yara komai. Ta ce tun a Maris ta sani, don baƙar ƙasa kawai ta kakkaɓe daga bakin wandona. Na ce to me ya hana ta magana?

"Malam, kai ana gyara maka?"

Wannan ta fi buhu shidan ciwo.

Litinin, 20 ga Oktoba

Sabuwar shugabar gona ta aike ni da leda huɗu. Na ɗebo kowace a inda take. A ta tudu na rubuta: "Mai rauni, tana buƙatar kulawa." Abin da nake rubuta wa yaran bayan aji ke nan, kuma ban taɓa ɓoye ko ɗayansu ba in sufeto ya zo.

Takardar falo ta faɗo da kanta, ban mayar ba. Gobe zan kai takin awaki tudu. Ba don ta ce ba. Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki.