Hannunta Bai Kai Kunne Ba

Goggo Zaituna,

Don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle. Ni sabon malami ne, bara na fito daga kwalejin horon malamai, aka tura ni wata 'yar firamare a ƙauye gaba da Assakio. Wata huɗu kacal, amma wallahi ko alli ba na son gani.

Ranar ɗaukar sababbin yara, hedimasta ya zaunar da ni a gindin mangwaro da rajista. Ya ce tunda ba takardar haihuwa, duk yaron da ya zagayo da hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa ya isa shiga aji, wanda bai kai ba sai baɗi. Ni kuwa sabon shiga, na riƙe maganar kamar aya.

Can sai ga wani manomin doya ɗan ƙabilar Tibi, Iorchia, ya taho da 'yarsa Ursula a ƙafa tun daga gonarsu. Yarinya 'yar firit. Ta miƙa hannu, bai kai ba. Uban yana ta bayani da guntuwar Hausarsa, yana nuna mini yatsu takwas. Rana ta take, layi ya yi tsawo, sai na daka masa tsawa na kira na gaba. Mutane suka kwashe da dariya. Daga baya na ji shekararta takwas cif, ciwo ne ya tsumbure ta, kuma ita ta nace sai an kawo ta.

Cikin mako guda dangin Iorchia suka janye yaransu goma sha ɗaya. Yanzu hedimastan nan shi ke cewa ai bai hana ni aiki da hankali ba! Ga sufeton makarantu zai zo ƙarshen wata.

Duk wannan da sauƙi, Goggo. Ran kasuwar Assakio na haɗu da Ursula tana tallan gyaɗa. Tana ganina ta ajiye tire, ta ɗora hannu a ka tana ta miƙewa, wai in duba ko ya kai. Bai kai ba. Na juya na gudu kamar ɓarawo. Ni da na zo koyarwa, abin da na fara yi ke nan, rufe wa yarinya ƙofa. Na riga na rubuta takardar barin aiki, kawuna ya ce in dawo garin Lafiya in tsare masa shago. Anya an yi ni don aikin nan kuwa?

Malamin Da Ya Karaya

Ɗana,

Ajiye takardar nan tukuna. Laifi kam ka yi, ba zan shafa maka mai a baki ba. Gwajin kunne ba kai ka ƙirƙiro shi ba, kuma wanda ya sakar wa sabon malami layin iyaye shi kaɗai yana da nasa kason. Amma tsawar taka ce. Ka kunyata magidanci a gaban 'yarsa, wannan ya kori yaran, ba gwaji ba.

Sanar da hedimasta, sannan ka taka da ƙafarka har gonar, kada ka yi aike. Nemi dattijon da ke jin Tibi ya raka ka, ka ba da haƙuri a gaban dangi tunda a gaban jama'a ka yi ɓarnar. Kada ka ambaci sufeto, ba don cika benci za ka je ba. Mai yiwuwa a ƙi kula ka ranar farko. Sai ka koma.

Ku ma sauran sababbin malamai, in ba takarda, ku duba ko yaro ya yi famfara, ku tambayi wace damina aka haife shi, ku saurari iyaye ko da Hausarsu ta karye. Ba malamin da bai fara da tuntuɓe ba, ni ma na yi nawa.

In ka tafi shago, wa zai rubuta sunan Ursula? Yarinyar da ta ajiye tire don ka sake gwada ta ba ta fid da rai da kai ba. Ka tafi da rajista a hammata.

Allah ya sanyaya zuciyar mahaifinta, ya sa albarka a allinka.

Goggo Zaituna