Kada A Rufe Rabin Ajin Su Ummi

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku. Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare, daga Unguwar Kanawa. Ban saba magana gaban manya ba, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki. Ku gafarce ni idan na yi kuskure.

Na farko, labarin ƙanwata Ummi. Bara Innarmu ta kai ta firamaren unguwarmu. Kamar yadda aka saba, hedimasta ya ce ta ɗora hannun dama bisa kai ta taɓa kunnen hagu. Ummi ta miƙa, ta karkata wuya, har da ɗage, amma yatsunta suka tsaya a kitso. Aka ce sai baɗi. Tun rasuwar Babanmu, Inna waina take sayarwa a bakin tashar Kawo. Wato Ummi za ta ƙara shekara guda zaune kusa da tanda, motoci na gilmawa ta bayanta. Makarantun ƙananan yara na kuɗi da ke Malali kuwa, mu sai dai mu wuce ta ƙofarsu.

Na biyu, abin farin cikin da ya same mu. Wata tsohuwar malama da ta yi ritaya, Malama Talatu, ta roƙi hedimasta wani ɗaki da babu kowa a ciki a firamaren, ta tattara yaran da aka mayar gida, 'ya'yan masu wankau da 'yan dako da marayu, har da Ummi. Rabin aji muke ce masa. Tabarmi ne a ƙasa, da murafun kwalba suke koyon ƙirga.

Ranka ya daɗe, da za ku ga Ummi yanzu! Yarinyar da ke ɓuya bayan zanen Inna idan an yi baƙo, yau ita ke jera kajin maƙwabta tana kiran suna, wadda ta gudu ta ce ta makara. Duk buhun da ya shigo gidanmu sai ta karanta haruffan jikinsa. Ba mai cin abinci sai ta duba hannunsa ko ya wanke, har Kawunmu. Inna, wadda duk rayuwarta dangwale take yi, yanzu tana rubuta harafin farko na sunanta da gawayi, Ummi na tsaye a kanta tana gyara mata. Ranar da ta yi shi daidai mun yi dariya har da hawaye.

Na uku, kukana. Ranar da aka ba da hutu, hedimasta ya sanar da iyaye cewa masu duba makarantu sun ce ajin ba ya cikin tsari, ba a ware masa komai ba, don haka za a mayar da ɗakin ma'ajiyar karyayyun bencina. Malama Talatu ba ta taɓa karɓar albashi a kan aikin nan ba, ko alli ita ke kawowa. Ban gane yadda benci karyayye zai fi yara buƙatar inuwa ba.

Roƙona shi ne a bar musu ɗakin, a sa ajin cikin tsarin hukuma, a ba Malama alawus da alli da alluna. Sannan a buɗe irinsa a sauran unguwanni, har su Kawo, kyauta, domin gidaje irin namu suna da yawa.

Har yanzu ba mu gaya wa Ummi ba. Kowace safiya sai ta tambaye ni kwana nawa ya rage a koma, ni kuma in lissafa mata. Ina roƙon amsarku ta iso kafin kwanakin su ƙare.

Allah Ya ƙara muku lafiya da adalci, Ya raya muku zuriya, Ya sa ku gama aiki lafiya.

Wassalam.

'Yarku mai biyayya,
Rakiya, yayar Ummi.