Ƙuri'ar Yaya a Hannuna

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma da gardama muka buɗe shago. Ko tsintsiya ban ajiye ba Yaya ya kunna rediyo, tashar nan tasu ta 'yan amshin shata, ana ta bayanin ƙuri'ar raba gardama da za a kaɗa ƙarshen wata. Tambayar ɗaya ce: a yarda Shugaban Ƙasa ya riƙa naɗa alƙalai da kansa, ya kuma zartar da doka in majalisa ta yi jan ƙafa, ko kada a yarda. E ko A'a. Yaya ɗan E ne tun daga hula har takalmi. Ni kuwa ko daga barci aka tashe ni, A'a zan ce.

Ya ce, "Mutumin nan aiki yake so ya yi, sun hana shi sakat. In ka yarda da mutum, ka daina sa masa ido."

Na ce ko waliyyi ne ban yarda a damƙa masa wuƙa da nama ba.

Muna cikin haka na yanka gilashin tagar wata mata ya gaza. Yaya ya ɗaga shi ya duba, ya jingine a bango inda zan riƙa ganinsa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na fara tambayar duk wanda ya shigo abin da zai zaɓa, don in tara wa Yaya hujja. Ban ji daɗin abin da na tara ba.

Direban da ke kawo mana gilashi ya ce shi duk wanda zai cike ramin da ke kwanar titinmu, shi ne nasa, ko da alƙalai zai cike shi. Wata ma'aikaciyar jinya da ta kawo madubi a sa masa firam ta ce a tambaye ta ranar da ta ga auduga da magani a ɗakin aikinta. Maƙwabcinmu mai fenti, wanda muke kira Sanata saboda bakinsa ba ya hutawa, ya ce mutane ba tsarin mulki suke ci ba, farashin buhu suke kallo. To shi me zai zaɓa? Wai sai ya ga inda iska ta kaɗa.

Ba wanda ya ambaci alƙalai sai ni. Haushi ya kama ni, kamar ni kaɗai na je makaranta, alhali Yaya ne ya biya mini ita.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Maman yara ta ɓata mini rai da gaskiya. Ina yi mata bayanin illar tara iko a hannun mutum ɗaya, tana ninke kaya, sai ta ce, "Ikon Allah. Lokacin da naku yake kan mulki, ba kai ne kake cewa a rufe majalisar a mayar da ita wurin ajiye motoci ba? Yaya kuma shi ne mai kukan tsarin mulki."

Na ce wancan daban.

Ta ce, "Haka ne, wancan naka ne."

Na fita duba ko an kawo ruwa. Ba a kawo ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Mun je gaida Inna. Ta kafa mana doka tun daga bakin ƙofa: wanda ya ambaci Shugaban Ƙasa ya koma inda ya fito. Muka zauna kamar baƙi. Ashe in aka cire siyasa, ni da Yaya ba mu san abin da za mu ce wa juna ba a kwanakin nan.

Talata, 14 ga Oktoba

Na yi ɓaranɓarama.

Ofishin jam'iyyarsu ya aiko da hotunan Shugaban Ƙasa a sa musu firam, tuli guda. Duk inda na juya a shagon, mutumin na yi mini murmushi. Yaya yana goge gilashin kowane hoto da hannun rigarsa, har da hura masa iska. Sanata yana bakin ƙofa yana zuga mu. Magana ta yi magana, sai na ji bakina ya ce, "Kai ai ko wuya aka ce ka miƙa a yanka, miƙawa za ka yi kana godiya. Mutum da girmansa ya zama tunkiya."

A gaban Sanata. Ga Yaya, wanda ya bar karatunsa ya riƙe shagon nan ranar da muka binne Baba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye hoton a hankali, ya ce, "Na gode, Auta." Shi ke nan.

Da ma zagina ya yi.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ba ya yi mini magana. Ni ma na ɗauke kai. In yana son guduma sai ya nuna da yatsa, in ina son tef ɗin awo sai in zagaya tebur in ɗauka da kaina.

Da rana na gan shi yana auna faɗin shagon daga bango zuwa bango, ya yi alama da alli a tsakiyar ƙasa. Sanata ne ya fassara mini: bayan ƙuri'a za a ja katanga, kowa ya kama gabansa. Teburin yanka guda ɗaya ne, na Baba. Ban san yadda ake raba tebur ba.

Na ce wa Sanata hakan ma ya fi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Layin allin yana nan. Na share shago, na kewaye shi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Tun muna yara Baba ya koya mana yadda ake ɗaukar babban gilashi. Mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Na gaba da baya yake tafiya, idonsa a kan kusurwar sama kada ta daki kan ƙofa, saboda haka ba ya ganin inda yake taka ƙafa. Na baya shi ne idonsa. Dole ya yi ta magana: dama, hagu, a hankali, ga mataki, tsaya, sauke. Baba ya sha cewa in ba za ka buɗe baki ba, kada ka taɓa gilashin. Kullum Yaya ne a gaba, ni ne mai magana.

Yau muka kai gilashin gaban wani sabon kantin magani. Dogo, mai kauri. Muka sauke shi daga mota ba wanda ya ce uffan. A bakin kantin akwai ɗan mataki, bai kai tsawon tafin hannu ba. Na gan shi sarai. Kalmar tana bakina. Amma kwana da kwanaki ban ce masa komai ba, sai na ji kamar in na fara magana na sauko ke nan. Sai na nuna masa da haɓa.

Da haɓa. Mutumin da idonsa ke sama.

Dunduniyarsa ta daki matakin, ya tafi da baya. Da ya saki gilashin ya dafa ƙasa, da ba abin da ya same shi, sai dai gilashin a kaina zai kife. Bai saki ba. Ya riƙe shi har ya tsage a hannunsa.

Ya yanke masa tafin hannu biyu duka. Jini har gwiwar hannu. Abin da ya fara cewa yana zaune a ƙasa shi ne, "Bai taɓa ka ba?"

A asibiti muka tarar da ma'aikaciyar jinyar nan mai madubi. Ta gane mu. Ta aike ni kantin waje in sayo bandeji da zaren ɗinki, don nasu ya ƙare. Ina gudu a titi ina tuna amsar da ta ba ni kwanaki, da yadda na raina ta a zuciyata.

Likita ya ce jijiya ba ta tsinke ba, yatsu za su yi aiki in an yi haƙuri. Alhamdu lillahi.

Talata, 21 ga Oktoba

Inna ta tambayi yadda aka yi. Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. Ya ce, "Santsi ne, Inna." Ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Laraba, 22 ga Oktoba

Hannayensa sun zama kamar dami biyu na auduga. Matarsa ke ba shi abinci a baki, shi kuwa ya tsani haka, sai ya ci kaɗan ya ce ya ƙoshi. Na je da rana na karɓi cokalin. Daga hannuna ya cinye tas, wataƙila don ya wahalar da ni.

Na ce, "Yaya, na ga matakin."

Ya ce, "Na sani."

Na jira sauran. Ya ce in ƙara masa ruwa.

Ina shirin tafiya ya ce in murɗa masa rediyo. Na murɗa masa tasharsu. Wani yana ta rantsuwa cewa in E ta ci, har ruwan famfo zai dawo. Na cije leɓe. Yaya ya ce, "Wannan kam ya cika ƙarya." Na kusa faɗuwa daga kujera.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ni kaɗai a shago. Ƙananan ayyuka kawai nake karɓa. Wani ya zo da aikin babbar taga, na ce ya dawo wani makon. Ya ce ba ga Sanata nan ba, ya kama mini? Na ce a'a. Sanata magana yake yi ba tsayawa, amma ba irin wadda gilashi ke so ba.

Na ƙarasa hotunan jam'iyyar tasu. Na goge su da kyau. Aiki ne.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ranar ƙuri'a.

Na biya na ɗauki Yaya muka tafi makarantar da ke bayan kasuwa. Layi ya yi tsawo amma ba hayaniya. A gabanmu wata tsohuwa tana gaya wa 'yarta ita dai A'a za ta yi, saboda an tashi tashar motar unguwarsu. A bayanmu wani yana cewa E, saboda an biya shi fanshonsa a watan jiya. Na saurara ko zan ji an ambaci alƙalai. Shiru. Yau abin bai ba ni haushi ba.

Da muka isa tebur, jami'ar zaɓe ta dubi hannayen Yaya ta ce ba zai iya riƙe biro ba, doka ta ba shi dama ya zaɓi wanda zai yi masa alama. Ta ce ko ita, ko wani nasa. Wakilin jam'iyyarsu, wanda ya san ni ya san bakina, ya taso da sauri yana cewa, "Ranka ya daɗe, bari in shiga da kai."

Yaya ya ce, "Ƙanena zai yi."

Wakilin ya ce, "Wannan? Ai ɗan A'a ne!"

Yaya ya ce, "Na fi ka saninsa."

Muka shiga bayan labule. Wuri ƙarami, kafaɗarmu na gogar juna. Na shimfiɗa takardar, na ɗauki biro. Sai Yaya ya juya mini baya, ya fuskanci labule, ya ce, "Yi abin da ka san zan yi."

Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba. Biron ya tsaya a sama. Gurbin A'a yana nan a hagun takardar, fari fes, ba mai gani. Zuciyata ta ce ƙasa kake ceto, shi ma wata rana zai gode maka. Da murya mai daɗi ta faɗa, irin muryar mutanen rediyo. Ni da na shafe wata guda ina wa'azin kada a bar mutum da iko ba mai sa masa ido, ga ni da ikon ƙuri'a ɗaya tak, har na fara nema wa kaina dalili.

Na dubi ƙeyarsa. Duk shekarun nan fuskarsa nake gani ta cikin gilashi, ban lura furfura ta cinye bayan kansa haka ba.

Na yi alama a kan E. Na ce, "Juyo ka gani."

Ya ce, "Ba sai na gani ba."

Na ce, "Wallahi sai ka gani. Ba na ninkewa sai ka duba."

Ya juyo ya duba, ya ce, "Kai dai da taurin kai." Na ninke, na jefa masa a akwati. Sannan na karɓi tawa na koma na yi A'a, na danna biron har ya kusa huda takardar.

A hanya ya ce, "Ka ga, na yarda da kai, ba ka ci amana ba. Maganata ta fito."

Na ce, "Saura ƙiris in ci. Maganata ce ta fito."

Ya tsaya cak a tsakiyar titi yana kallona. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe hannayen sama kada su bugu.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ana ta ƙirga, kowane ɓangare na cewa shi ya ci. Sanata ya riga ya shirya jawabi biyu.

Yaya ya zo shago, wai zaman gida ya ishe shi. Ya zauna a kujerar Baba yana ba da umarni da ƙafa. Na kunna rediyo, na bar ta inda take. Ba wani abu ba ne, maɓallin ne ya yi tauri.

Na yi shara. Allin dama ya fara gogewa da kansa, ni dai na bi da tsumma mai ruwa saboda ƙura. Yana kallo, bai ce a sake ja ba.

Da la'asar mai babbar tagar nan ya dawo. Na ce sai hannun Yaya ya warke. Yaya ya ce in ya warke ma ba zai ƙara tafiya da baya ba, ya tsufa, ni zan koma gaba.

Na ce, "To wa zai riƙa yi mini magana?"

Ya ce, "Tunkiya."

Na ce na yarda.